Kukan Katakon Iro

Duk saurayin da ya shigo shagona ya ce yana son koyon gyaran katako mai taya, abin da nake fara yi shi ne in miƙa masa boris guda, zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya da ke cikin taya, in ce ya murza shi kusa da kunne ya gaya mini abin da ya ji. Yawanci sai su ce ba su ji komai ba. Akwai wanda ya yi ta juya shi yana neman inda ake sa batir. Ku samarin yanzu kun ɗauka sana'ar nan ba ta wuce sifana da noti ba, mutum ya ɗaure taya ya koma kan wayarsa. To tunda kun zo, ga benci nan, ku ture kwalin ƙwallayen can ku zauna.

Sunana Lawal, amma a Dutsin-Ma in ka ce Lawal za a tambaye ka wanne. Ka ce Lawal Boris, ko mai tallan fura za ta nuna maka ƙofata. Da gyaran keke na fara, a Kurfi, wajen Malam Garba, Allah ya jiƙansa, mutumin da har ya bar duniya ban ji ya yaba aikin wani ba. Na daɗe a wajensa ban taɓa sifana ba. Aikina shi ne wanke 'ya'yan boris a gwangwanin kananzir, in zube su kan tsumma, in ɗaya ya gangara cikin yashi in bi shi da rarrafe, shi kuwa yana zaune yana cin goro yana ba ni labarin waɗanda ya kora kafin ni. Yakan kifa keke, ya wulwula taya, ya rufe ido ya ce, "Lawal, mi ka ji?" In na ce ban ji komai ba, sai ya ce ashe kunnuwan nan don tare hula aka yi mini su. A hankali kunnen ya buɗe. Boris mai ƙishin giris huci yake yi, wanda yashi ya shiga gurnani yake yi, wanda ya tsage ƙwanƙwasawa yake yi, mai lafiya kuwa ba ya cewa komai. Malam Garba ya ce aikin mai gyara ɗaya ne, ya kashe kuka, kuma da wannan karatun na ci abinci shekara da shekaru.

Da babura suka cinye kasuwar keke, na dawo Dutsin-Ma na kama wannan shagon, na zuba ƙwallo, rigunan 'yan wasa, takalma, usur da famfo, ina ɗinkin ƙwallon da ta fashe a gefe. Katakon kanti na farko da na taɓa riƙewa, wani ɗalibin jami'a ne ya ɗora mini shi a tebur, tayarsa ɗaya ta cije. Na juya shi na ga falanki ne mai ɗan lanƙwasa gaba da baya, an manna masa takarda mai kaushi irin samfefa a sama, a ƙasa kuma ƙarafa biyu, kowanne riƙe da tayoyin roba biyu. Na tambaye shi ina abin riƙewa, ya ce babu. Na ce ina birki, ya nuna mini ƙafarsa. Na ce Allah ya ba mahaifiyarka haƙuri. Amma da na kwance tayar na leƙa ciki, sai ga tsofaffin abokaina, ƙananan boris biyu, sun sha ƙasa sun ƙoshi. Na wanke su na ɗiga musu mai, tayar ta yi ta juyawa har muka gama sallama ba ta tsaya ba. Ba a daɗe ba abokansa suka san hanyar shagona.

Ɓarnar da ake yi wa katako a garin nan, wanda ya ƙera shi ma bai san da ita ba. An kawo mini wanda aka ɗura wa man gyaɗa a boris, wai kakar mai shi ta ce ba abin da man gyaɗa ba ya warkarwa. Da na buɗe tayar, kiyashi ne suka fito a jere kamar an tashi daga kasuwa. An kawo wanda aka jingine a bangon ɗakin ƙasa lokacin hutu, mai shi ya dawo ya tarar gara ta yi masa sassaƙa kyauta. An kawo wanda ƙanwar mai shi ta wanke da omo ta shanya a rana don ta burge yayanta, falankin ya buɗe falle-falle. Wani uba daga Makera ya taɓa kawo na ɗansa, ya ce in sa masa kan keke da birki da sirdi. Na ce Alhaji, ai abin da kake kwatantawa akwai shi a kasuwa, keke sunansa. Ya ce ya sani, shi ma abin da ya ce a saya ke nan tun farko.

Wurin da ake gane mai gyara shi ne robar da ke tsakiyar ƙarfen nan, wadda take sa katako ya karkata in an taka gefensa. In ta mutu ba kullum ake samunta ba, sai in yanko daga tsohuwar tayar mota in goge da magagari har ta zauna. Ka ɗaure ta da yawa, katako ya ƙi shan kwana, mai shi ya wuce kai tsaye cikin teburin mai lemo. Ka sassauta da yawa, ya yi ta rawa a ƙarƙashinsa. Sai ka dubi nauyin mutum, ka dubi yawan hankalinsa, sannan ka san inda za ka tsayar da sifana.

Simintin nan na ƙofar shago ni na zuba shi, kuma babu wuri mai sulɓinsa a unguwar. Bayan la'asar samari su taru da katakonsu, dattawan majalisa su jawo tabarma gefe, su da suka ce wasan banza ne amma ba su taɓa yin fashi ba. Su ne alƙalai, kuma ba tsalle suke dubawa ba, faɗuwa suke ba maki. Maƙwabcina Alhaji Sani mai kemis ya fi ni cin moriyar sana'ata, don duk wanda na ɗaure wa taya yau, gobe yana wajensa neman bandeji, shi ya sa kullum da fara'a yake gaishe ni. Yana da aku a keji a bakin ƙofarsa, tsohon munafuki, ya iya tarin Alhaji, ya iya busa usur, ya iya "wayyo ƙafata" da muryar wani ɗalibi da ya gama karatu ya tafi tuntuni. Kada ku manta da akun nan.

Amma kafin ɗalibai su san katako akwai wanda ya riga su hawa, kuma shi ba wasa yake yi da nasa ba. Iro ɗan kawuna ne, taubashina, har gemunmu ya yi fari ba mu daidaita kan wanda yake bawan wani ba. Shan inna ya taɓa shi yana ƙarami, ƙafafun suka tsaya, duk ƙarfin ya koma kafaɗu da baki. Kafinta ya yi masa katako mai faɗi, ni na ɗaura masa boris huɗu na mota, tsirararsu ba roba, ƙarfe a kan kwalta. Yana zama a kai, ya zura hannuwa cikin silifa ya riƙa tura ƙasa, akwatin kolinsa a gabansa: zare, allura, kwalli, madubi, maɓalli, turare. Ƙarar da katakon nan yake yi, in ya taso daga tasha ana jin sa a ƙarshen layi. Gurnani ne mai kauri, da wani tak-tak a ƙarƙashinsa daga tayar baya ta hagu da ta daɗe da tsagewa. Na sha roƙonsa ya bari in canja, don abin kunya ne a ce ɗan'uwan Lawal Boris yana yawo da wannan kukan. Sai ya ce, "Bawana, kai dai yi ta faci, ba a tambaye ka ba."

Iro yana da doka guda. Ba ya talla da baki, ba ya sallama a ƙofar da ba a kira shi ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce mutum irinsa in ya ɗaga murya a ƙofar gida ba a tambayar abin da ya kawo, sadaka ake aikowa. Maganar nan ta zauna mini a rai, ban sake tsokanarsa a kanta ba, ni da nake tsokanarsa a kan komai. Haka yake bin layi bakinsa a rufe, mata su aiko ko su leƙo zaure su saya. Ranar kasuwar Kurfi a ɗora shi da katakonsa a mota, ya sauka ya bi gidajen bakin titi ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da ta fi kowace muni a shagon nan ita ce wadda malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, ɗalibai suka watse, kuma daidai lokacin aka farfasa titin gabanmu za a yi magudanar ruwa. Ana gab da rufe makaranta na yo odar tayoyi da boris kwali guda daga Legas. Suka zauna suna kallona ina kallonsu. Sai in buɗe shago in share in zauna, har akun Alhaji Sani ya koyi hammata. Abin da ya riƙe ni a shekarar nan Iro ne da abokansa. Suna da ƙungiyar ƙwallo, dukkansu a kan katako, da hannu suke bugawa, kuma ban taɓa ganin 'yan wasa marasa tausayi irinsu ba. Kowane wasa sai an karya boris, an tsaga falanki, an fasa ƙwallo. Iro ya kafa musu doka ba mai kai gyara wani wuri, sannan ya bi gari yana cewa shi ke ciyar da bawansa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi mini ciwo.

A cikin shekarar ne wata safiya ya gangaro shago da sabuwar hula, ya yi aski, yana ƙamshin turaren da ya kamata ya sayar. Ya nuna kwalin tayoyin roba da haɓa.

"Waɗanga na 'yan makaranta, suna ɗaukar mutum kamata?"

"Mutum dai suna ɗauka. Kai ne ban sani ba."

"Ɗaura mani su. Na gaji da tahiya kamar amalanken 'yan gwangwan."

Na dube shi, na dubi hular. "Wace ce?"

"Wace ce wa? Mutum ba shi gyara abin hawanshi sai don mace?"

Duk wanda ya san Iro ya san wace ce. Asabe sunanta, bazawara ce a Kurfi, mijinta ya rasu ta dawo gidan yayanta Malam Hamisu da ke bakin titi, tana ɗinkin hula. Duk ranar kasuwa sai ta fito zaure ta sayi zare ƙwaya ɗaya. Mai ɗinkin hula da ke sayen zare ɗaya-ɗaya, ko dai ba ta san sana'arta ba, ko kuma ba zaren take so ba, Asabe kuwa ta san sana'arta. Iro da zai zagi unguwa guda kafin ya haɗiye yawu, in ya zo gabanta ba ya wuce "wane launi" da "Allah shi amfana". Haka suka yi ta yi, damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo.

Na yi aikin nan da zuciya ɗaya. Na ciro ƙarafan wani katako da mai shi ya tafi ya bari, na huda falankin Iro, na ɗaure tam, na sa tayoyi masu taushi na ɗiga mai. Ya hau, ya tura sau ɗaya a kan simintin, ya sulale shiru har ya kusa shiga kemis, akun ma bai ankara ba. Tsofaffin boris ɗin kuwa ya ce a ba 'yan gwangwan kada ya sake ganinsu, kuma a gabansa aka ba su. Ranar na yi kewar Malam Garba, don na san da yana raye zai dubi aikin ya yi shiru, kuma iyakar yabonsa ke nan.

Kwanakin farko Iro ya zama annoba a gari. Sai dai mutum ya waiga ya gan shi a bayansa. Ya tsaya bayan mahauci ya ji ana shirya yadda naman jiya zai zama na yau. Ya tsaya bayan majalisa ana gulmarsa, ya bari sai da aka kai tsakiya ya ce, "Ku ci gaba, in kun yi kuskure ni gyara maku." Ni kaina ya kama ni na ja ƙofar shago rabi, na hau katakon wani ɗalibi ina gwada tsalle, na zube a kan kwalin usur, har yau yana ba da labarin, kuma kullum tsallen ƙara tsawo yake yi. Dattawa suka koma sai sun waiga hagu da dama kafin su buɗe baki.

Amma ciniki ya mutu. Ya bi layi-layi ba wanda ya leƙo. A Kurfi ya wuce ƙofar gidan Malam Hamisu a hankali, ya juyo ya sake wucewa, zaure wayam. Kasuwa ta zagayo, haka aka sake yi. Ya ƙudurta a ransa Asabe ta gaji da shi. Ni da shi, manyan masana, babu wanda ya kawo a ransa cewa matan da ke cikin gida ba agogo suke dubawa ba, ƙarar ce take yi masa sallama duk shekarun nan. Ran nan a wani gida ya karya dokarsa ya yi sallama da baki, aka aiko masa da tuwon jiya a kwano. Ya dawo shago ya zauna har magariba bai zage ni ko sau ɗaya ba, abin ya tsorata ni.

Kasuwar da ta biyo baya ya dawo tun kafin la'asar, ya shigo har cikin shago, hula a karkace.

"Ina boris ɗina?"

"Waɗanda ka ce a ba 'yan gwangwan? Yanzu haka sun zama rodi a ginin wani."

Ya ba ni labari. Rana ce ta yi zafi, ya raɓe a inuwar katangar gidan Malam Hamisu yana hutawa. Katangar gajera ce, kuma ta bayanta Asabe take zaman ɗinki da wata ƙawarta. Ba su ji zuwansa ba, wa zai ji. Sai ya ji sunansa. Ta zage shi tas, in ji shi, zagi mai tsari, ta faro daga kansa mai kama da tulu ta sauko har kan rowarsa. Ta ce ya sauya hanya ko sallama babu. Ƙawar ta ce ta aika a tambaya mana, ta ce Allah ya kiyaye ta aika cigiyar namiji, a ce ta zama me. Sannan ta ce wani mai shanu daga Shema ya daɗe da aikowa wajen Yaya Hamisu, tana ta ja masa rai, amma ta gaji. In kasuwa mai zuwa ta tashi ba ta ji kukan katakon nan ba, za ta ce wa Yaya ya amsa musu.

"To mi ya hana ka yi magana?" na ce. "Ga ka ga ta, katanga ce kawai."

"Kai dai jaki ne, bawana. In ta san na ji abin da ta ce, ta sake haɗa ido da ni? Kuma in yi ma mace magana ta bisa katangar yayanta? Sai dai in zo yadda na saba zuwa, kamar ban san komi ba."

"To mu ɗaura wasu na mota. Ƙara ai ƙara ce."

"Yaran Kurfi duk sun yi amalanken boris, tun safe suke gurnani bisa titi, ba ta taɓa leƙowa don su ba. Nawa ta sani."

Nan na shiga aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata. Shekara da shekaru ina kashe kuka, yau an ce in tayar da shi, kuma ba kowane kuka ba, wani takamaimai da ya tafi cikin buhun 'yan gwangwan. Na samo boris na mota wajen makanikai, na wanke giris ɗinsu tas da kananzir, hannuna yana yi zuciyata tana ƙi. Na ɗaura, Iro ya zagaya simintin ya ce wannan kukan yaro ne, nasa ya fi kauri. Na zuba musu yashi, ya ce ya yi kaushi. Na jiƙa su da ruwan gishiri na bar su a rana suka yi tsatsa, ya ce an matso amma ba a iso ba. Majalisa ta bar alƙalancin faɗuwa ta koma alƙalancin kuka, ba wanda aka gaya wa dalili, ba kuma wanda bai sani ba. Wani dattijo ya ce na da kamar injin niƙa yake daga nesa. Wani ya ce ƙarya ne, ya fi haka sirantaka. Liman ya zo wucewa aka tambaye shi, ya ce shi dai abin da ya sani yana hana shi barcin rana. Kwanaki suna tafiya, Iro ya daina cin abinci sosai, ni kuma na daina yi masa dariya.

Alhaji Sani ne ya fito daga kemis yana goge hannu ya ce, "Malam Lawal, ai akwai wanda ya haddace shi." Ya nuna keji. Ashe akun nan ya daɗe yana kwaikwayon katakon Iro, har Alhaji ya sha fitowa gaishe shi ya tarar ba kowa. Matsalar ita ce ba ya yi sai ya ga dama. Muka kewaye kejin, manya da gemu, muna lallashin tsuntsu. Aka ba shi gyaɗa, ya yi tari. Aka ba shi rake, ya busa usur. Iro ya matso ya yi masa magana mai daɗi irin wadda bai taɓa yi wa ɗan Adam ba, akun ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya ya ce, "Wayyo ƙafata." Majalisa ta kwanta da dariya. Iro ma sai da ya dara, ya ce ashe har tsuntsun garin nan taubashinsa ne. Sai da muka gaji muka watse, na koma kan tebur, sannan na ji shi daga bayana: gurnani mai kauri, tak-tak, gurnani, tak-tak. Na ajiye guduma na rufe ido yadda Malam Garba yake yi.

Abin da kunnena ya gaya mini shi ne tak ɗin ba iri ɗaya ba ne. Na farko mai ƙarfi ne, na biyu yana biye da shi a raunane, wato zoben waje ya tsage kuma gefen tsagar ya ɗan ɓalle. Kaurin kuwa ba daga boris yake fitowa ba, daga falankin ne, don tsofaffin notukan sun yi sako-sako, katakon yana amsawa kamar ganga. Na sassauta noti da gangan, ni Lawal, da hannuna. Na matse boris ɗin baya na sa masa guduma, ya tarwatse. Na sa wani, ya tarwatse. Makanikai suka fara tambaya ko cin su nake yi. Wanda ya tsage yadda nake so, na ɓalle masa gefe a dutsen wasa wuƙa, na ɗaura a baya ta hagu. Iro ya hau ya tura. Bai kai ƙarshen simintin ba akun ya amsa daga keji, su biyu suka haɗu har ba ka rarrabewa. Wani dattijo ya ce, "Shi ne, Allah ya isa," ya ja tabarmarsa ya matsa nesa.

Ranar kasuwa na rufe shago na bi shi Kurfi, wai ko wani abu zai kwance a hanya. Ya ce gulma ce ta kawo ni, ban musa ba. Muka sauka a tasha, ya gyara hula, ya zura hannu a silifa ya tura. Tun daga kwanar farko zauruka suka fara motsi, ana fitowa da saƙon zare da allura, wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ashe kana da rai, Malam Iro." Bai tsaya wa kowa ba. Ni ina biye da sifana a aljihu. Ya rage gudu a ƙofar gidan Malam Hamisu ya tsaya. Ni kuma na laɓe gindin wani bedi ina kamar duba waya.

Zauren ya daɗe wayam. Iro ya buɗe akwati ya shiga jera zaren da yake a jere. Can sai ga ta ta fito da mayafi, hular da take ɗinki a hannu, fuska a ɗaure.

"Malam Iro. Kwana biyu."

"Kwana biyu, Asabe. Wane launi?"

Na ji kamar in jefe shi da sifanar. Ita kuwa ba ta ko dubi zaren ba. Katakon take kallo, ta bi shi da ido har baya.

"Wa ya taɓa maka tayar baya?"

"Wace?"

"Ta hagu. Da can tak ɗin na biyu ba shi zuwa da wuri haka. Tun daga kwana na ji ba daidai ba, har na ce ko wani ne."

Sai da ta gama faɗa sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ni da guduma, da aku, da majalisa guda, har da shi mai katakon da ya shekara da shekaru a kansa, babu wanda ya ji wannan bambancin. Iro ya dubi tayar, ya dube ta. Ba na ɓoye muku, idona ya kawo ruwa a gindin bedin. Sannan ya rufe akwatin a hankali.

"Wani bawana ne ya ɓata ta, ga shi can gindin bedi yana kamar ba ya ji. Asabe, Malam Hamisu shina ciki? So nike in san ranar da manyana za su zo su same shi."

Ta ce, "Shina ciki. Tun bara shina ciki." Ta juya ta shige, ba ta sayi zare ba.

Tayoyin roba huɗun can da kuke gani rataye a ƙusa su ne nasa, ba na sayarwa ba ne, kada ma ku tambaya. Iro yakan zo ya zauna ƙarƙashinsu yana kallo, don yanzu da suka yi aure ta tare, Asabe daga tsakar gida take sanin inda ya tsaya, da wanda ya tsaya wajensa, da tsawon hirar da ya yi a teburin mai shayi. Ya roƙe ni in mayar masa da su ko na yini ɗaya ne, har ya yarda a gaban majalisa cewa shi ne bawan. Na ce ba zan iya ba. Tun satin biki Asabe ta aiko mini da waina kwano guda da saƙo: duk abin da zan gyara a katakon nan in gyara, amma ranar da ta nemi kukan ta rasa, ni za ta nema. Ta ce ta taɓa jin shirunsa sau ɗaya, ya ishe ta.